Mafarki Na Mai Barci Ne, Ba Na Wanda Aka Gani Ba

A ƙasar Gobir ba a rena mafarki, kuma tarihi ya ba Gobirawa hujjar haka. A shekarar 1794, a garin Degel, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana da shekara 40 ya ga Shaihu Abdulƙadir Jilani ya naɗa masa rawani, ya rataya masa takobin gaskiya, kamar yadda shi da kansa ya rubuta. Bayan shekara 10 aka yi hijira zuwa Gudu, a 1808 Alƙalawa ta faɗi, wajajen 1836 kuwa sarautar Gobir ta sake kafuwa a Tsibiri. Cadakori, da ke cikin gundumar Gidan Runji, tana cikin ƙasar da wannan al'amari ya girgiza. Saboda haka in mutumin Cadakori ya tashi da asuba ya ce ya yi mafarki, za a dakata a saurare shi.

Sai dai galibin mafarkai ba irin na Shehu ba ne. Manomi da bazara ta yi wa tsawo yakan ga hadari ya haɗo daga gabas, ya ga kansa yana shibka. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Kano ko Agadas takan gan shi tsaye a ƙofar gida ba ya magana. Ɗan lakkwal kuwa, in jarrabawa ta matso, sai ya ga alƙalaminsa ya ƙi rubutu. Daga ina waɗannan hotuna suke fitowa?

Tsofaffi sun ce kurwa ce ke fita yawo in jiki ya kwanta. Ƴan bori sun ce iskoki ne ke aiko saƙo. Malamai kuwa, bisa hadisi, sun kasa mafarki gida uku: akwai na gaskiya, wanda bushara ce daga Allah, akwai na Shaiɗan, mai firgitarwa, akwai kuma zancen zuci, watau abin da mutum ya yini yana saƙawa. Littattafan fassarar da ake jinginawa ga Ibn Sirin, malamin Basra da ya rasu a 728, har yau ana cinikinsu a kasuwannin ƙasar Hausa.

Masanan zamani sun bi wannan kashi na uku har cikin ƙwaƙwalwa. A 1953, a Cikago ta Amurka, Aserinsky da Kleitman suka lura cewa akwai lokacin da idanun mai barci ke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fata, kuma in aka tashe shi a lokacin, galibi zai ce mafarki yake yi. A ƙarshen shekarun 1950, a Liyon ta Faransa, likita Michel Jouvet ya gano, ta hanyar bincike kan kyanwoyi, cewa a wannan zangon ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mutumin da ke farke, alhali gaɓoɓi sun saki, ba su iya motsi. Zangon yakan dawo kusan kowane minti 90, yana cin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na barcin baligi, jinjiri kuwa kusan rabin barcinsa ke nan.

Game da amfaninsa, masana sun rabu. A littafinsa na 1900, Freud ya ce mafarki buri ne da aka danne, ya fito da baƙuwar riga. A 1977 Hobson da McCarley suka ce a'a, ƙwaƙwalwa ce ke ɗinka labari daga tartsatsin da ke tashi a cikinta da dare. A 1994 Wilson da McNaughton suka nuna cewa ƙwaƙwalwar ɓera takan maimaita, cikin barci, aikin da ta yi lokacin da yake yawo da rana, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa barci na tace abin da aka koya yana adanawa. Wasu kuma na ganin mugun mafarki atisaye ne na fuskantar haɗari. Duk da wannan saɓani, sun haɗu a kan abu guda: kayan da ake gina mafarki da su daga rumbun mai barcin ake ɗebo su, daga tsoronsa, da begensa, da fuskokin da ya saba gani.

A nan ne maganar ta wuce ta masana, ta shigo tsakar gida. Kowa ya san dannau: mutum ya farka cikin dare, ya ji an haye ƙirjinsa, ya kasa ɗaga hannu, ya kasa kiran kowa, wani lokaci har ya ga inuwar mutum a bakin ƙofa. Binciken Jouvet ya buɗe hanyar gane wannan: hankali ne ya riga jiki farkawa, sakin gaɓoɓin bai gama wucewa ba, guntun mafarki kuma ya biyo mutum cikin ɗakinsa. Abin yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci. Amma in gari ya waye aka ba inuwar nan suna, to, abin ba ya wucewa.

Yaro na fama da zazzaɓin damana, zafin jiki ya sa shi sambatu, ya ambaci wata tsohuwa ta maƙwabta. Kafin azahar an ce mayya ce, ta kama masa kurwa. Daga ranar ba mai sayen ƙosanta, ba mai auren ɗiyarta, jikokinta ma sun gaji tabon. Shi kuwa yaron, da ya kamata a garzaya da shi gidan likita, an bar shi kwance ana jiran tsohuwa ta tsallake shi. Alhali ba don komi ya gan ta ba sai don ita yake gani kullum a bakin rijiya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Addini bai goyi bayan wannan ba. Umurnin da ya zo game da mugun mafarki shi ne mutum ya nemi tsari, ya juya kwanciya, kada ya ba kowa labari. Malaman fiƙihu kuma ba su kafa hukunci da mafarki. Babu alƙalin da zai karɓi shaidar mai barci.

Wanda ke neman misalin fassara ta gari, ya dubi Annabi Yusufu. Sarkin Masar ya ga shanu 7 ramammu suna cinye 7 masu ƙiba. Yusufu bai nuna kowa da yatsa ba. Ya ce a yi noma, a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a tanadi na shekarun wuya. Mutanen da suka ga yunwar 1973, da ta 1984, da ta 2005, sun fi kowa sanin darajar wannan fassara.

Don haka ma'aunin mai sauƙi ne. Mafarkin da ya sa mutum ya ƙara dame a rumbu, ko ya aika wa ɗan'uwa gaisuwa, ko ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya yi amfaninsa ko daga ina ya fito. Wanda kuwa ya sa aka ɗora wa maƙwabci laifin da bai san hawa ba bai san sauka ba, a bar shi kan tabarmar da aka yi shi. Zato zunubi ne ko ga wanda idonsa biyu, balle ga mai barci.