Ƙananan Ƙudaje da Mahayansu

Bahaushe ya san ƙuda, ya san ƙudan tsando, ya san sauro. Amma da zarar ƙwaro ya ƙanƙance, sai a haɗa shi da 'yan uwansa a ce "ɗan ƙuda", alhali kuwa akwai bambanci mai nisa a tsakaninsu.

Masana ƙwari sukan fara da ƙirga. Ƙuda na ainihi ƙafafunsa shida, fukafukansa biyu, kuma a bayan fukafukan akwai 'yan sanduna biyu masu kai kamar kulki, waɗanda ke daidaita masa tashi. Daga nan sai a sa shi a madubin ƙara girma, a dubi jijiyoyin fiffike da gashin goshi. Mai jan ido da ke shawagi a kan ruɓaɓɓen mangwaro, watau Drosophila, da ƙyar yake wuce milimita 3, kuma ba ya cizo. Shi kuwa baƙin nan mai ƙusumbi, watau Simulium, a ruwa mai gudu yake hayayyafa, cizonsa ne ke yaɗa cutar da ke makantar da mazauna bakin kogi.

Wani lokaci mai dubawa yakan tarar da wasu jajayen ɗigo maƙale a cikin ƙudan gida. Ƙafafu takwas gare su, saboda haka dangin kaska ne da gizo-gizo. Wadda aka fi sani ita ce Macrocheles muscaedomesticae, wadda Scopoli ya bayyana a 1772. A cikin taki take zaune, ba ta da fiffike. Idan takin ya bushe, sai macen ta cafki ƙuda, ya kai ta sabon juji. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Sai dai wannan baƙuwa ba ta da godiya, domin in ta sauka, ƙwan ƙudan da ƙananan tsutsotsinsa take ci. Ke nan ga mai kiwon kaji, mataimakiya ce.

Abin lura ga ɗaliban Hausa shi ne, manomi da malamin asibiti da Hausa suke magana. Muddin suna ɗaya ya rufe mai makantarwa da maras illa, gargaɗi ba zai isa inda ake so ba. Ya kamata a bi makiyaya da masunta a tattara sunayen da suke da su, inda aka rasa kuma a ƙirƙiro.