Yadin da ke jure wanki

A Kantin Kwari, mai sayen da ya san kaya ba ya ruɗuwa da ƙyalli. Yakan murza gefen yadi tsakanin yatsunsa. In sitaci ya zubo, yadin ya saki jiki, to nauyin nan na aro ne, wanki ɗaya zai tafi da shi. Atamfa kuwa bayanta ake juyawa. Ta ainihi, irin wadda kamfanin Vlisco na ƙasar Holan ke bugawa, launinta ya ratsa gaba da baya kusan daidai, ta kwaikwayo kuwa bayanta a koɗe yake. Wasu har zare guda suke zarewa su kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta bar toka, roba narkewa take yi ta dunƙule, tana warin leda.

Wannan sani raguwa yake yi. Kamfanoni irin su Shein da Zara sun saba wa duniya da sabon yayi kafin na jiya ya tsufa, mu ma anko ya kai mu can: kowane biki da nasa yadin, a sa sau ɗaya a cusa a akwati. Wadda ba za ta maimaita zane ba, ina ruwanta da ko yana zuba?

Ni dai har yanzu cikin riga nake fara dubawa. Telan kirki yakan kashe bakin ɗinki kada ya warware, ya ƙarfafa hammata da aljihu, ya kuma bar rara a gefe, don a buɗa in jiki ya ƙaru.