Shirun Taya

A birnin Montreal na ƙasar Kanada, direban da ya sha hunturu ya ƙoshi yakan yi tuƙi da kunne, ba da ido kaɗai ba. Na lura da haka wata safiya cikin watan Janairu, ina zaune kusa da wani dattijo ɗan Nijar mai tuƙa tasi. Muna dosar gadar Champlain da ke kan kogin Saint-Laurent, sai ya miƙa hannu ya kashe rediyo, ya ɗage ƙafa daga totur. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce, "Saurara mana, ɗana. Taya ta yi shiru."

Na kasa kunne, haka ne kuwa. Jiƙaƙƙiyar kwalta tana da kukanta, wani shuuu da ruwa ke yi a ƙarƙashin mota. A kan dusar ƙanƙara sai ka ji ƙurus-ƙurus kamar ana tauna ƙuli-ƙuli. Amma in titi yana ƙyalli kamar an yi yayyafi, motar gabanka ba ta watso ruwa, tayarka kuma ta yi tsit, to ruwan nan ya daskare. Shi mutanen garin ke kira baƙar ƙanƙara. A zahiri ba ta da launi. Siririya ce garai-garai, baƙin kwaltar da ke ƙarƙashinta ake gani. Gada ce ke fara kamawa, domin iska na dukanta sama da ƙasa, alhali sauran titin yana kwance kan ƙasa mai sauran ɗumi.

Hukuma na yin nata. A lardin Kebek doka ce, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris kowace ƙaramar mota ta sa tayoyin hunturu, masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Robar taya ta yau da kullum takan fara sandarewa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ita kuwa wannan tana nan da taushinta. Manyan motoci na kwana suna watsa gishiri, in sanyi ya fi ƙarfin gishirin a zuba tsakuwa.

Duk da haka, a kan santsi mota na iya cin ninki goma na tazarar da take buƙata kafin ta tsaya. Nan baƙo ke shiga uku. Ƙafarsa ta saba, da ya ji tsoro sai birki, hannu kuma ya fizgi sitiyari. Dattijon nan bai yi ko ɗaya ba. Ya bar motar ta rage gudu da kanta, sitiyari a miƙe, ya ba motar gabanmu fili mai yawa, har muka sauka daga gadar. Na bayanmu ya matso kamar zai hau mu, bai ko kula shi ba. Wannan natsuwar ta burge ni fiye da kowace gwaninta da na taɓa gani a kan titi.

Ɗan'uwa, in ka samu kanka da mota a ƙasar sanyi, ka rage ƙarar rediyo kafin ka hau gada, ka kasa kunne ga tayarka.