Illela: Tsohon Ɗan Kokawa da Turakun da Babu Shanu

Daga Sakkwato zuwa Illela tafiyar kilomita 80 da ɗoriya ce, ta Kware da Gwadabawa. Kana ƙara yin arewa itatuwa na raguwa, rairayi na ƙaruwa, har ka iso inda Najeriya ta ƙare. Bayan shingen kwastan da na jami'an shige da fice, 'yar tafiya kaɗan ce a kan kabu-kabu ka shiga Birnin Ƙonni ta jihar Tawa a Nijar. Harshe ɗaya, auratayya ɗaya, makabarta ma wani lokaci ɗaya. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin da ya raba su a farkon ƙarni na 20, alhali tun kafin nan a ƙasar Ƙonni kakannin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka zauna.

Ranar Lahadi ake cin kasuwar Illela. Tun daren Asabar garin ke cika da raƙuma da shanu da tumakin Uda masu rabin jiki fari rabi baƙi, ga buhunan gero da wake da albasa, ga 'yan canji sun baza naira da sefa a kan tebur suna lissafi da ka. Wanda ya zo don kasuwa kaɗai zai koma yana cewa Illela garin hayaniya ce. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai na gan shi ne bayan sallar asuba, a wani fili mai yashi a gefen gari, inda wani dattijo ke koya wa samari yadda za su riƙe jikinsu.

Tsohon ɗan kokawa ne, ya haura sittin. Gwiwarsa ta hagu a ɗaure take da tsumma, in zai tsuguna sai ya dafa ƙasa da hannu ɗaya. Samarin sun kai goma sha, wasu 'yan dako ne a kara, wasu masu tura amalanke, akwai almajirai biyu. Ba ya bari a fara kamawa da wuri. Sai an yi gudu cikin yashi, an yi tsallen kwaɗo, sannan kowa ya zauna ya miƙe ƙafafu ya kamo yatsunsa, ya tsaya a haka. Shi kuma yana bi yana ɗora tafin hannu a gadon bayan kowane yaro, yana dannawa a hankali har sai ya ji bayan ya saki. "Ja iska, ɗiyana. Riƙe. To, sake ta sannu," haka yake ta faɗa. Wani yaro ya yi gaggawa, dattijon ya komo kansa ya zauna kusa da shi, suka ja numfashi tare har na yaron ya daidaita.

A Abuja da Legas akwai masu biyan kuɗi a koya musu irin wannan a kan tabarmar roba, da sunan yoga, horon jiki da numfashi da ya samo asali daga Indiya, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni tun daga 2015. Dattijon nan bai taɓa jin sunan ba. Wurin ubangidansa na kokawa ya koyi nasa, kuma dalilinsa a fili yake: ɗan kokawar da numfashinsa ya ƙare, ƙafarsa ce ke fara cin amanarsa. Yaran sun san sunayen gwanayen tsallake kamar Issaka Issaka na Doso, suna kuma bin gasar takobin Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, a rediyo da waya. Shi ba ya hana su mafarkin takobi. Yana dai cewa kafin ka koyi kayar da wani, ka koyi faɗuwa ba tare da ka karye ba.

Da hantsi ya kai ni gidansa. A tsakar gida akwai turaku a jere, itacen ya yi santsi saboda gogar igiya, amma rago ɗaya tal ke ɗaure. Can baya shanu ne a wurin. Bayan gwiwa ta raba shi da fili ya shiga fataucin albasa da kiwo, ya kuma samu rufin asiri. A watan Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, aka kuma hana kai fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela tare da Maigatari da Seme da Mfum. A wannan tsakanin ya sayar da rabin shanun don ciyar da gida. Sauran kuma 'yan bindiga suka kore su daga rugar da ya ba da kiwo, a shekarun da gabashin Sakkwato ya rasa barci. Ya ranto kuɗi ya sake tayar da jari. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojoji suka hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake garƙame iyaka. Manyan motoci suka yi layi a bakin shinge makonni, albasa ta ruɓe a cikin buhu, tasa na ciki. Ko da aka buɗe a watan Maris na 2024, ba shi da abin da zai tsallaka da shi.

Ya ba ni labarin nan yana jiƙa wa ragon dusa, bai ɗaga murya ba. Na ce, "Baba, me ya hana ka tumɓuke turakun nan?" Ya ce, "Malam, in na tumɓuke su, mi za ya tuna min da abin da Allah Ya ba ni? Na ci, na sha, na aurad da ɗiya da shanun ga. Wanda Ya ba ni Shi Ya amshe. Alhamdulillahi." Sannan ya nuna gwiwarsa ya ce da ba ta lalace ba, da yanzu bai san ko yaro ɗaya daga cikin waɗancan ba.

Na daɗe ina jin mutanenmu na cewa "mun gode Allah" a bakin asara, wani lokaci don kawai a rufe zancen. Godiyar wannan dattijo daban ce, domin ana ganinta a aikinsa. Ba ya karɓar ko kwabo wurin yaran. Wanda ya zo bai karya ba, zai sha kunu a gidansa. Wanda ya gani idonsa ya yi ja, ya fara hulɗa da masu ƙwaya a tasha, ba ya korarsa; yana sa shi gaba a wurin gudu, ya riƙa aikensa, har ya ja shi jiki. A garin iyaka, inda saurayi mara aikin yi ke da masu zawarcinsa da yawa, daga 'yan fasa-ƙwauri har waɗanda ke daji, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Da rana yana zama a kara yana ɗan dillanci, abin da ya samu shi ne cefane. Da la'asar ya koma filin.

Sai dai ban yarda a mayar da haƙurin irin waɗannan bayin Allah hujjar yin shiru ba. Ƙaddara gaskiya ce, amma mutum ne ya sa hannu a takardar rufe iyaka, kuma mutane ne aka ɗora wa alhakin tsare rugar da aka kore shanunta. Masu yanke hukunci a Abuja da Yamai ba su ga albasar da ta ruɓe ba, ba su kuma biya kowa diyya a gidan nan ba. Godiyarsa tsakaninsa da Ubangijinsa ce, ba ta wanke su ba.

Ana ta maganar babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068, wanda daga Illela zai tashi. Allah Ya sa a gama shi lafiya. Kafin nan, ina roƙon ƙaramar hukumar Illela da ma'aikatar matasa da wasanni ta jihar Sakkwato su nemi irin waɗannan tsofaffin 'yan kokawa, su killace musu fili, su zuba yashi, su yanka musu ɗan alawus na wata. Gwamnatocin ƙasashen biyu kuma, duk saɓanin da zai sake tasowa, su bar wa mutanen Illela da Ƙonni hanyarsu a buɗe.