Kowace Magana Da Muhallinta

Tara mutane abu ne mai sauƙi a baƙon gari, musamman idan wata damuwa ta taso. Abin da yakan gagara shi ne a tsare su a kan maganar da ta tara su har a ga ƙarshenta. Akwai wani dattijo mai sayar da goro, wanda ya shekara fiye da talatin yana kwana a Agege yana wuni a Oshodi, da ya sayi wannan darasi da tsada har sau biyu.

Hausawa dai ba baƙi ba ne a wannan yanki na Ikko. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, fatake suka riƙa sauka a Agege saboda goron da ake nomawa a kewayenta, suna ɗaure shi huhu-huhu suna lodawa zuwa Arewa, har Zango ya kafu da sarkinsa da masallatansa. Oshodi kuwa tana kan wannan layin dogo, kudu da Agege, daidai inda hanyar motar Agege ta gamu da babban titin da ya taso daga Apapa. Da yake mahaɗa ce, sai ciniki ya bunƙasa har masu kasa kaya suka hau kan dogo. A watan Janairu na 2009 gwamnatin Jihar Legas, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta kwashe rumfuna da teburan da suka toshe titi da layin jirgi. Hanya ta buɗe, amma masu ƙaramin jari da yawa suka wayi gari ba su da wurin kasa kaya.

A cikin wannan hali ne waɗansu 'yan Arewa suka taru a wani zaure a Agege bayan sallar isha'i, suka sa dattijon nan ya shugabanci zaman. Wani mai gida ya ce zai ba su jerin shaguna idan suka kawo kuɗin hayar shekara cikin mako guda. Abu uku kawai ake so a yanke: su wa za su shiga, nawa kowa zai kawo, wa zai riƙe kuɗin.

Ana fara magana sai wani ya miƙe ya ce shi ba zai haɗa kuɗi da wane ba, domin tun bara yake binsa kuɗin goro. Wanda ake bi ya tashi kare kansa. Kafin a kashe wannan, wani ya ce ai sai a san wanda zai riƙa jan salla a sabon wurin, nan take gardamar ƙabalu da sadalu ta ɓarke. Wani ya sako zancen jam'iyya, wani kuma ya ga jama'a ta taru sai ya yi gayyar suna. Dattijo yana ji yana gani, amma kunya ta hana shi katse kowa, don waɗansu sun girme shi, waɗansu kuma abokan cinikinsa ne. Dare ya raba aka tashi, taron tsintsiya ba shara. Zama na biyu ma haka ya ƙare. Ranar da wa'adi ya cika, mai gida ya ba waɗansu shagunansa.

Abin ya ƙona wa dattijo rai ƙwarai, ya ɗaura niyyar ba zai ƙara sakaci ba. Da aka samu wani wuri aka sake zama, duk wanda ya kauce ko kaɗan sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Ba shi ya tara mu ba." Taro ya riƙa ƙarewa da wuri, jama'a suna yaba masa. Wata rana da dare wani saurayi ɗan garuwa ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa.

"Baba, ina da magana."

"Ta shafi kuɗin haya?"

"A'a, Baba."

"To, zauna, yaro."

Yaron ya zauna jim kaɗan, ya sulale ya fita. Sai da gari ya waye aka ji cewa abokin kwanansa ne ya kwana uku cikin zazzaɓi mai zafi, ba su da kuɗin asibiti, shi ya sa ya zo neman gudummawa. Aka kai maras lafiya asibiti a galabaice, Allah ya sa da sauran kwana. Amma saurayin da abokansa ba su sake taka zauren ba sai da dattijo ya bi su har ɗakinsu ya ba su haƙuri.

Daga nan ya zauna ya yi nazari, ya gane cewa maganar da ta kauce wa taro ba iri ɗaya ba ce. Sai ya kasa ta kashi huɗu, ya karanta wa jama'a, suka amince. Na farko, abin da ya shafi rai, kamar ciwo ko rasuwa ko gobara ko wani da aka kama: wannan ana jinsa nan take, kome ake ciki. Na biyu, magana mai amfani wadda lokacinta bai zo ba: magatakarda ya rubuta ta da sunan mai ita, a saurare ta a ƙarshen zama ko a zama na gaba. Na uku, rikicin mutum biyu, kamar bashi: a kai shi gaban dattawa a keɓe, in ya faskara a je fadar Sarkin Hausawa. Na huɗu, gardamar aƙida da ta jam'iyya: a ajiye ta a bakin ƙofa tare da takalma. Gayyar suna da ɗaurin aure kuwa sai bayan an shafa fatiha.

Ya kuma canja yadda yake katse mutum. Yanzu sai ya bari mai magana ya faɗi kan zancensa tukuna, sa'an nan ya ce, "Malam, mun ji, an rubuta, za mu komo kanta." Dalilinsa shi ne, mutum a baƙon gari sau da yawa ba shi da wani wurin kai kuka sai wannan zaure. Wanda ya ga an rubuta maganarsa yakan iya haƙuri ya jira. Wanda aka kunyata kuwa, ko dai ya maimaita ta da ƙarfi ko ya daina zuwa. Sharaɗin kawai shi ne a cika alkawari, domin in aka rubuta ba a komo ba sau ɗaya, littafin ya zama banza.

Oshodi ba ta daina sauyawa ba. An rushe kasuwar Owonifari a 2016, an buɗe sabuwar tashar motoci a 2019, a 2022 kuma aka hana acaɓa a ƙaramar hukumar Oshodi-Isolo. Kowanne daga cikin waɗannan ya sake tara mutane a zaure da tambayar inda za a nemi abinci gobe. Dattijo ya tsufa ya miƙa shugabanci ga na baya, amma har yau idan baƙon saurayi ya ɗaga hannu daga bakin ƙofa, ba a ce masa ya zauna sai an tambaye shi ko lafiya. Allah ya sa a dace, amin.