Tekun Masunta da Kududdufan Kuza

Wanda ya saba da hunturun Jos ba zai yi baƙunta ba a Pittenweem, wani ɗan ƙauyen masunta da ke gaɓar teku a yankin Fife na ƙasar Sikotilan, inda na ɗan zauna zamanin karatuna. Sanyinsu namu ne, haka ma duwatsunsu. Tarihinmu kuwa ya fi kama da juna. Su da kifin herin suka yi arziki, har ya ƙaurace wa ruwansu a tsakiyar ƙarni na 20. Mu kuma kuza ce ta tattaro kakanninmu daga ƙasar Hausa zuwa Bukuru da Barikin Ladi, har kasuwarta ta karye a shekarar 1985.

Masuntan can sun koma kamun jatan lande, jiragensu na fita har gobe. Mu ramuka aka bar mana, ruwa ya cika su, wani sa'in su ci yaro ko saniya. Amma manoman rani sun ƙi zaman makoki. Da ruwan nan suke shayar da kabeji da karas da dankalin Turawa. Ya kamata marubutanmu su waiwayi waɗannan bayin Allah.