Ƙararrawar Saniyar Bonghwa

A watan Janairun 2009 aka fara nuna wani ƙaramin fim a 'yan gidajen sinima na Koriya ta Kudu. Ba shi da jarumi, ba shi da ƙagaggen labari. Fim ne na gaskiya a kan wani manomi mai kimanin shekara 80, da matarsa, da saniyarsu wadda ta kai shekara 40. Sunansa Wonang Sori, wato amon ƙararrawar saniya. A waje an san shi da Old Partner. Kafin a ankara, mutum kusan miliyan 3 sun kalle shi, abin da wani fim mai zaman kansa bai taɓa samu ba a ƙasar.

Lee Chung-ryoul ya yi shekaru yana zirga-zirga zuwa wani ƙauye a gundumar Bonghwa domin ɗaukarsa. Tsohon yana da larurar ƙafa tun yana yaro, saniyar ce ƙafarsa: ita ke ja masa amalanke zuwa gona da kasuwa. Ya ƙi fesa maganin ƙwari a gonarsa don kada ta ci ciyawa mai guba, matarsa kuwa kullum tana mita, tana ganin an fifita dabba a kanta.

Abin da ya ja jama'a yana cikin tarihin ƙasar. Daga shekarun 1960 Koriya ta rungumi masana'antu cikin gaggawa, matasa suka kwarara Seoul da Busan, ƙauyuka suka zama na tsofaffi. Yawancin masu kallon 'ya'ya ne da jikokin manoma irin wannan, waɗanda guminsu da na shanunsu ya biya kuɗin makaranta. Sun ga iyayensu a allo, suka kuma ga bashin da ba su biya ba.

Fim ɗin bai yi wa'azi ba, amma ibada na cikinsa. An ga ma'auratan sun hau tsauni zuwa wurin ibadar mabiya addinin Buda na Cheongnyangsa domin yi wa saniyar addu'a bayan mutuwarta. An kuma ga lokacin da ta kasa tashi: tsohon ya cire mata zoben hanci da ƙararrawar wuya, ya sallame ta daga aiki kafin ranta ya fita.

Sai dai nasarar ta zo da nata nauyi. Baƙi suka yi ta tururuwa zuwa gidan tsofaffin, suna ɗaukar hoto ba sallama, har sai da masu fim ɗin suka fito suka roƙi a ƙyale su su huta. Natsuwar da ta sa aka so su, ita ce ta fara salwanta.

Nan ne amanar wannan sana'a take. Wanda ya yi fim ɗin ƙage yakan sallami 'yan wasansa su koma gida. Wanda ya ɗauki rayuwar gaske kuwa gidan ne kansa ya buɗe wa duniya, kuma mutanen gidan ne za su ci gaba da zama a ciki bayan an naɗe kayan aiki. Yardar da tsohon ya bayar ta a ɗauke shi ce, bai san miliyoyi za su san hanyar ƙofarsa ba.

Ya rasu a 2013, aka binne shi kusa da kabarin saniyarsa.